Man kifi na omega-3 zai ƙara wa yaro mai galahanga kaifin basira?

Maman yaro, kin tambaya ko ƙwayoyin omega-3 za su buɗe wa ɗanki mai shekara 5 baki da fahimta. Gaskiya hujjar ba ta da ƙarfi. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta fitar a 2011 bai ga wani canji na a zo a gani ba wajen magana ko cuɗanya. Inda man yake da amfani shi ne ga yaro mai tsandar abinci wanda ba ya cin kifi sam, domin ƙwaƙwalwa na buƙatar DHA, wani nau'in omega-3 da ke cikin man kifi.

Ki duba bayan kwalba. Ƙwaya mai miligiram 1000 sau da yawa miligiram 180 na EPA (shi ma nau'in omega-3 ne) da 120 na DHA kawai ke ciki. Yaro kamarsa, kimanin miligiram 250 na su biyun a haɗe ya isa a rana, ko kifin sadin sau 2 a mako. A ba shi tare da abinci, in ba haka ba gyatsar ƙarni da zawo kan biyo baya. Zafi na lalata man. In ya soma wari, ki zubar.

Man hantar kifi daban ne, yana ɗauke da bitamin A, kuma yawansa na illa ga hanta. Ki nuna wa likitansa kwalbar tukuna, kuma don Allah kada ki dakatar da horon koyon magana saboda ita.