Kafin ka zura hannu a aljihu: amsoshin tambayoyinku

Malam, barka da aiki. Ni magidanci ne mai albashi. Maiɗakina ta daɗe tana son firiji, kuɗin kuma sun ƙi taruwa. Wani shago ya ce in ɗauka yau in biya cikin wata 12, da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Ni dai ban ga yawan ƙarin ba. In karɓa?

Ɗan'uwa, ƙarin ya fi yadda kake hange. Batun halaccin irin wannan ciniki ka kai shi gaban malaminka, ni lissafi kawai zan yi maka.

Mu ce kuɗin firijin 100 ne. Za ka biya 120, wato goma-goma duk wata. To ai ba ɗarin nan kake riƙewa har ƙarshen shekara ba. Tun watan farko ka fara mayarwa, kafin a kai tsakiyar shekara ka biya kusan rabin uwar kuɗin, amma shi ƙarin an yanka shi ne kamar duka kuɗin suna hannunka har ranar ƙarshe. In aka auna shi da ainihin abin da ke kanka wata bayan wata, yana kaiwa kusan kashi 35 a shekara. Mai shago bai yi maka ƙarya ba, ya dai zaɓi lambar da ta fi daɗin ji.

Ban ce kada ka saya ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a lokacin da farashi ke hawa, mai jiran kuɗi su cika wani lokaci yakan tarar kayan sun riga shi gaba. Amma kafin ka sa hannu a takarda, ka tambayi tarar da za a ɗora maka in wata ya wuce ba ka biya ba. Ka tambaya ko za a rage maka ƙarin in ka gama biya da wuri. Wadda mutane suka fi mantawa ita ce: in ka biya wata tara ka gaza, za su zo su ɗauke firijin ne, kuma me zai faru da abin da ka riga ka zuba? Duk amsar da aka ba ka da baki, ka ce a rubuta.

Sai kuma ka gwada kanka. Wata biyu a jere, ranar da albashi ya shigo, ka ware daidai abin da za ka riƙa biya, ka ajiye inda hannunka ba zai kai ba. In gida ya tafi lafiya, ka san za ka iya, ga shi kuma ka samu abin kafin alƙalami da zai rage bashin. In tun ranar ashirin ga wata ka koma ka taɓa ajiyar, ka samu amsarka ba tare da ka ci bashin kowa ba.

Kada ka manta firiji yana da ciki, dare da rana yana shan wuta. Babba ya fi ƙarami ci, tsoho ya fi sabo. In na hannu za ka saya, ka saka takarda a bakin ƙofar ka rufe, sannan ka ja. In ta zare ba gardama, robar ta saki, sanyi zai riƙa tsiyayewa, injin kuma ba zai huta ba. Wajen ajiyar abinci ya kamata ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa da haka, na ƙanƙara kuwa digiri 18 ƙasa da sifili.

Malam, ɗana shekararsa 11. Ya tasa ni gaba da kukan waya, wai duk 'yan ajinsu suna da ita sai shi. Babansa ya ce in yi yadda na gani. Wace iri zan saya masa?

Hajiya, wannan "duk 'yan ajinmu" tsohon makami ne, mu ma mun yi amfani da shi a kan takalmi da keke. Ki tambayi iyaye biyu ko uku na ajin, za ki ji lissafin ya ragu.

Kafin a zo ga wace iri, me yaron zai yi da ita? In don ki same shi ne idan an tashi daga makaranta, ƙaramar waya mai madannai ta wadatar. Cajinta yana kwanaki, ba ta tsone wa ɓarawo ido, in ta faɗi ta fashe ba za ki kwana da takaici ba. In kuwa abin da yake so shi ne TikTok da Instagram da Facebook, to su kansu kamfanonin sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Asalin wannan lambar wata doka ce da Amurka ta yi a 1998 kan tattara bayanan yara a intanet, don haka ba hukuncin likitoci ba ne cewa ɗan 13 ya isa. Ostireliya ma a 2024 ta yi doka ta ɗaga shekarun zuwa 16. Ɗanki bai kai ko ta farkon ba, sai dai a yi ƙaryar ranar haihuwa, kuma darasin farko da zai koya daga wayar ke nan.

Ra'ayina, ki ba shi ƙaramar, ki bar shi ya riƙa aikin makaranta da taki ko da kwamfutar gida, a falo inda ido ke gani. Ranar da babbar ta zo, ta zo da sharaɗinta tun a kwali: ba ta kwana a ɗakinsa, ba ta zama a wajen cin abinci, kuma kin san lambobin buɗe ta. Sharaɗin da aka gindaya ranar saye ana karɓarsa da murna, wanda aka ƙirƙiro bayan wata shida kuwa sunansa rigima.

Babansa kuma kada ki bari ya zame da "yi yadda kika gani". Gobe in kika karɓe wayar, wajensa za a kai ƙara. Ku zauna ku tsayar da magana ɗaya. Sannan, ki yi haƙuri da ni, yaro yana kallon hannunki fiye da yadda yake jin bakinki.

Malam, mu maƙwabta huɗu muna so mu riƙa haɗa kuɗi muna sayen kayan abinci a sari muna rabawa. Akwai riba?

Akwai, in kun tsaya ga abin da ba ya saurin lalacewa kuma kuna cinsa kullum. Ku raba kuɗin buhu da yawan kilon da ke ciki, ku ƙara kuɗin dako da na mota, sannan ku gwada da farashin kilo ɗaya a shago. Wani lokaci bambancin bai kai wahalar ba.

Asarar sari a ajiya take. Hatsin da ya sha danshi yana yin fumfuna, wani nau'in fumfunar kuma yana fitar da guba mai cutar da hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Ku ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Man girki kuma haske da zafi suna sa shi hamami, don haka babbar jarka ga ƙaramin gida ba lallai ta zama araha ba.

Amma abin da ya fi kashe irin wannan haɗaka ba ƙwari ba ne. "Zan kawo nawa jibi" ne. Kowa ya ajiye kuɗinsa kafin a tafi kasuwa, a auna da sikeli a gaban kowa, zuwa kasuwar kuma a riƙa karɓa-karɓa.

Malam, 'yata watanta bakwai, na fara ba ta abinci. Na sayi zuma mai tsada don in riƙa sa mata maimakon sukari. Ya yi?

A'a, 'yar'uwa, ki ajiye zumar nan sai ta cika shekara ɗaya. Zuma, komai kyanta, tana iya ɗaukar ƙwayoyin wata cuta da hanjin babba ke iya wa, na jariri kuwa bai yi ƙwarin hana su tsiro ba. Gubarsu tana kashe jiki, yaro ya kasa tsotso, wuyansa ya saki, har numfashi ya yi wuya. Tafasa zumar a gida ba ya maganin abin. Sukarin ma ba ta buƙatarsa, haka gishiri. Ki ci gaba da shayar da ita tare da abincin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a kai shekara biyu ko fiye. Zumar kuwa ke da babanta ku sha, in an rufe ta da kyau ba ta lalacewa da wuri.