Tambayi Bakanike: Motar Baba Tana Aman Ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Na gaji MGB ƙirar 1966 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda ya taho da ita daga Ingila bayan ya gama karatu. Kullum da safe nakan cika lagireto har baki, amma da na kashe inji sai ta zubar da ruwa ta ɗan siririn tiyon nan na gefen murfi. A cunkoso kuma allurar da ke nuna zafin inji takan haura. Bakanikena ya ce a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama. In yarda?
Mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka yarda tukuna. Ina zargin rabin matsalar daga hannunka take.

MGB ɗin da aka ƙera a garin Abingdon na Ingila a waɗannan shekarun ba su da tankin da ke karɓar rarar ruwa, sai wajen ƙarshe, kusan 1977, aka sa musu. Shi kuwa ruwa kumbura yake in ya ɗau zafi, kusan kashi 4 cikin 100 daga sanyi zuwa tafasa. Motarka na cin ruwa lita biyar da wani abu, ka ga rarar ta kai kofin shayi guda. In ka cika ta maƙil, ina wannan kofin zai je? Dole ta amayar da shi. Da ka kashe inji kuma famfon ruwa ya tsaya, fanka ta tsaya, amma ƙarfen yana nan da zafinsa, sai ruwan da ke kwance a kan silinda ya ƙara ɗaukar wuta. Shi ya sa aman yake zuwa bayan ka faka. Gobe ka bar tazarar kamar gaɓar yatsa ɗaya ƙasa da wuyan lagireto, ka yi kwana uku ba ka ƙara ko ɗigo ba. In ruwan ya tsaya a wuri guda, ta samu ma'auninta ke nan.

Sai murfi, wanda kowa ke rainawa. Na irin taka mai matsin fam 7 ne, kuma wannan matsin ne ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 111. Juya shi ka duba: in robar ta tsage ko sifirin ya saki, ruwan zai tafasa tun inji bai yi laifin komai ba. Amma kada wani ya ɗaura maka na fam 15 wai don ya fi ƙarfi, tsohon lagireto da tsoffin tiyo ba za su jure ba.

Haurawar allura a cunkoso ita ce ta fi damuna. Fankar motarka inji ne ke juya ta da fambel, in kana tsaye a watan Afrilu ba iskar kirki da take ja. Taɓa fambel ɗin ka ji ko ya yi sako-sako. Sannan shekara nawa ana ɗura mata ruwan rijiya? Na sha buɗe lagireton tsoffin 504 in tarar bututun ciki sun toshe da farin dutse kamar gindin butar shayi. A cire shi a kai wa masu wanki su buɗe, su zura wa kowane bututu ƙarfe, a dawo a zuba kulant (ruwan sanyaya inji) rabi, tataccen ruwa rabi. Tamostat kuwa a jefa shi a tukunyar ruwan zafi a ga ko yana buɗewa. In ya mutu a sayi sabo, har da mai buɗewa a digiri 74 ana yi don ƙasashen zafi. Cire shi ba ya buɗe toshiya ko ɗaya, sai dai inji ya daɗe bai ɗumama ba da safe, ya yi ta shan mai.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka ajiye makulli: ka tayar da ita da sanyi, murfi a buɗe, ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Wannan gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone.

Kuma don Allah kada ka taɓa murfin nan da zafi. Tabon da ke damtsena na dama wata 504 ce ta yi min shi ina yaron gareji, don na ƙi jiran minti talatin.