Me ya sa aka tsige shugabar Koriya ta Kudu, Park Geun-hye?

Ka tambaya ko zanga-zangar Seoul ce kaɗai ta sauke ta daga mulki. A ganina, zanga-zangar ce ta tilasta wa hukumomi yin aikinsu. A Oktoban 2016 aka gano cewa aminiyarta, Choi Soon-sil, wadda ba ta riƙe da muƙamin gwamnati, tana gyara jawabanta, tana kuma amfani da kusancinsu wajen tatsar manyan kamfanoni, ciki har da Samsung, kuɗaɗe da sunan gidauniyoyi. Jama'a suka riƙa cika dandalin Gwanghwamun da ke tsakiyar Seoul, babban birnin ƙasar, kowace Asabar riƙe da kyandirori, cikin lumana abin yabawa. Majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tsige ta ranar 9 ga Disamba, 2016, sannan kotun tsarin mulki ta tabbatar da hakan ranar 10 ga Maris, 2017.