Amsa kan maganin gargajiyar Sin da ciwon ƙugu

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce hoton asibiti ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugunka ya zame ya danne jijiya, kana tambaya ko maganin mutanen Sin zai taimaka.

A Sin sun fi amfani da akufanca, wato tsira siraran allurai a baya da cinya, sai tausar da suke kira tuina, da ƙaho irin wanda wanzamanmu suka sani. Suna kuma ƙona busasshen ganye kusa da fata don ɗumama wurin. Waɗannan kan rage zogi su saki naman da ya ɗaure, amma ba sa mayar da guringuntsin mazauninsa. Yawanci jiki ne ke gyara kansa cikin mako 6 zuwa 12.

Saiwoyin sha ne nake jin tsoronsu. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, wani haɗin ganyen Sin ya lalata ƙodar mata da yawa. Kada ka sha komai sai likitanka ya gani, kuma kada ka yarda a murɗa maka baya da ƙarfi.

In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ko bahaya ya ƙi riƙuwa, don Allah ka tafi asibiti a ranar.