Mama, ai gaskiya na faɗa, ina laifina?

TAMBAYA: Gaisuwa cikin sunan Yesu, Mama. Ni 'yar zumuntar mata ce a nan Maradi, muna adashi jika biyu duk Lahadi bayan sujada. Wata 'yar'uwa ta ɗau kwasarta sai ta daina zubi har sati huɗu, kuma na san mijinta ya bar aiki. Sai na tura saƙon murya a gurup ɗinmu na WhatsApp na ce a sa ta cikin addu'a, na faɗi dalili. Yanzu zancen ya kai har Tibiri wajen danginta, ta daina zuwa majami'a, ko a kasuwa muka haɗu kau da kai take. Ni fa ban yi ƙarya ba.

AMSA: 'Yata, sannu, na ji ki. Amma laifi kam akwai, ba zan ɓoye miki ba. Ba ki yi ƙarya ba, sai dai asirin gidanta ba naki ba ne da za ki raba, kuma wannan abin da muke yi mu mata, mu naɗe gulma cikin zanen addu'a, yana ci mini rai ƙwarai. In addu'a ce kawai ai sunanta ya isa, Ubangiji ya riga mu sanin sauran.

Buɗe Yakubu sura 3 ki gani. Ya ce linzami ɗan ƙarami shi ke juya doki gaba ɗaya, kuma 'yar wuta kaɗan ke cinye babban jeji. Ke da kin taɓa ganin tartsatsi ya faɗa kan dangar kara lokacin hunturu kin san babu mai tsayawa tambayar wa ya hura da niyya mai kyau, kowa bokiti yake nema. Saƙon minti ɗaya ne, ga shi ya riga ki zuwa Tibiri, magana zarar bunu ce.

Yanzu kar ki koma gurup ɗin da wani dogon bayani, ƙara itace ne, Karin Magana 26:20 ta ce in babu itace wuta mutuwa take. Matiyu 5:23-24 kuma ke ta kama, in kin tuna ɗan'uwa na da ƙara a kanki ki bar baikon da kika kawo wa Allah ki fara zuwa ku shirya. To ki je gidanta ke kaɗai, da yamma in ta gama aiki, ki zauna kan tabarma ki ce yaya na yi miki laifi ki gafarta mini, kuma kar ki ƙara da "amma". In ta yi faɗa ki yi shiru ki saurara har ta gama.

Batun zubin kuwa ku bar shi tsakaninta da uwar adashi, in kina da hali ki rufa mata na sati ɗaya ba tare da kowa ya ji ba. Ki sake rubuto mini in kin je.