An ɗaga kimar gidana, haraji ya ƙaru

Tambaya: Ina zaune a Houston ta jihar Texas. Hukumar kimanta gidaje ta aiko mini da takarda cewa darajar gidana ta tashi, alhali rufinsa yoyo yake yi. Shin ina da ikon ƙin amincewa?

Amsa: Malam, kana da iko, amma kada ka yi sanya, domin a Texas wa'adin shigar da ƙorafi shi ne 15 ga Mayu, ko kwana 30 bayan aiko da takardar, duk wanda ya fi nisa. Kimar da ake yi ta halin da gida yake ciki ce a ranar 1 ga Janairu, saboda haka ka ɗauki hoton silin ɗin da ruwa ya ɓata, ka haɗa da takardar kuɗin gyara daga mai aikin rufi, da farashin da aka sayar da gidaje irin naka a unguwarku. A ganina wannan hujja ta ƙarshe ta fi nauyi a gaban kwamitin sauraron ƙorafi. Idan kuma a gidan kake zaune, ka tabbata an yi masa rajistar gidan zama, domin ita ce ke hana kimar da ake ɗora wa haraji ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara.