Tambaya da Amsa: Shin bitamin A zai hana ciwon dajin hanji dawowa bayan aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da aka yi wa maigidana aiki, aka yanke wani sashe na babban hanjinsa saboda ciwon daji, kuma ya gama karɓar maganin da ake ɗura masa ta jijiya. Alhamdu lillahi, har ya fara fita kasuwa. Ɗanmu ya gani a waya cewa waɗanda bitamin A ya yi ƙaranci a jininsu su ne ciwon ya fi dawo musu, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Shin mu sayo masa ƙwayoyin bitamin ɗin ya riƙa sha kullum? Wata maƙwabciyata ta ce za ta samo mana irin jajayen da ake ɗiga wa yara a baki.

Daga wata uwargida, unguwar Bagalam, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar jinya. Shawarata ita ce kada ku saya, kada kuma ku karɓi na maƙwabciya, sai fa idan likitan da ke duba shi ne ya ga alamar ƙaranci ya rubuta da hannunsa.

Labarin da ɗanku ya gani yana da tushe, amma fassarar da aka yi masa ce ta zarce. Jiki yana ajiye mafi yawan bitamin A a cikin hanta, kamar yadda manomi yake zuba hatsinsa a rumbu, kuma hanta tana sakin abin da ake bukata cikin jini kaɗan-kaɗan, a kan wani sinadari da ita kanta take haɗawa domin ya yi dakonsa. Idan jiki ya shiga halin kumburi, ko saboda yankan aiki, ko zazzaɓi, ko ciwon dajin kansa, sai hanta ta rage haɗa wannan ɗan dako, awon da ke cikin jini ya faɗi alhali rumbun a cike yake. Saboda haka wanda ciwonsa ya yi nisa, ya rame, ya daina cin abinci, shi ne za a fi samu da ƙarancin bitamin a jini, kuma shi ne ciwon ya fi yiwuwa ya dawo masa, domin tun farko ya fi ci masa jiki. Shamuwa tana zuwa tare da damina, amma ba ita take kawo ruwa ba, kuma wanda ya tara shamuwa a gidansa cikin bazara ba zai sa hadari ya haɗu ba.

Hanyar da ake rarrabe irin wannan al'amari ita ce a raba mutane gida biyu, a ba wasu maganin, a ba wasu abin da ya yi kama da shi, sannan a jira shekaru a ƙirga. An yi haka da dangin bitamin A, kuma sakamakon bai zo yadda aka yi fata ba. A shekarar 1994 an fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutum 864 waɗanda aka cire musu ƙananan tsiro daga bangon hanji, irin tsiron da kan rikiɗe ya zama daji. An ba wasunsu bita-karotin, wato sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma tsiron ya sake fitowa kamar yadda ya fito wa waɗanda ba su sha ba. A wannan shekarar kuma, gwajin ƙasar Finlan a kan maza masu shan taba kimanin 29,000 ya nuna cewa masu shan ƙwayar bita-karotin sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 an dakatar da wani gwajin a Amurka kafin lokacinsa, wanda a cikinsa aka haɗa bita-karotin da bitamin A, domin ƙarin kamuwa da dajin huhu ya kai kashi 28. Idan maigida ya taɓa shan taba, wannan magana ta shafe shi kai tsaye. Akwai kuma binciken 2010 da ya bi mutum fiye da dubu waɗanda aka yi wa aikin dajin hanji bayan ciwon ya kai kaluluwa, inda aka tarar masu shan ƙwayoyin haɗin bitamin ba su fi sauran tsira daga dawowarsa ba.

Batun jajayen ƙwayoyin yara shi ya fi tayar mini da hankali. Namiji babba yana bukatar maikirogiram 900 a yini, mace 700, kuma iyakar da ba a so a wuce kullum ita ce 3,000. Ja guda ɗaya tana ɗauke da kimanin 60,000, wato ta ninka iyakar sau 20, shi ya sa ake ba yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 guda ɗaya tak, sai bayan wata huɗu zuwa shida a sake. Wannan bitamin ba ya fita da fitsari, taruwa yake yi, kuma idan ya yi yawa yana kawo ciwon kai, da zubar gashi, da raunin ƙashi, da lalacewar hanta. To hanta ita ce wuri na farko da dajin hanji yake ɓulla idan zai dawo, ita ce ta gama ɗaukar nauyin maganin da aka ɗura masa, ga kuma ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a yankinmu, wanda mutane da dama suke ɗauke da shi ba su sani ba. Bai kamata a ƙara mata kaya ba. Ƙwayoyin nan kuma rabon yara ne, ki roƙi maƙwabciyarki ta bar musu abinsu.

Yanke babban hanji ba ya hana jiki samun bitamin A, domin a ƙaramin hanji ake tsotse shi tare da maiƙo. Amma idan maigida yana fama da zawo mai daɗewa, ko yana ci gaba da ramewa, ko ya fara dundumi, wato ba ya gani sosai da zarar magariba ta yi, ku gaya wa likita. A nan ne awo da magani suke da muhalli. In ba haka ba, tukunyarki ta isa. Allah ya hore wa Maraɗi zogalen Jiratawa, ga karas da kabewa da alayyafo na lambunan bakin gulbi, ga mangwaro da gwanda a lokacinsu, ga ƙwai da nono da man shanu. Wanda ake samu daga ganye da ƴaƴan itace jiki yana juya iyakar abin da yake so ne, don haka ba ya yin illa, sai dai a tabbata an sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a kwaɗon, domin da maiƙo yake shiga jiki.

Kuɗin da za ku kashe a kan ƙwayoyi, ku tanade shi domin bibiya. Mafi yawan dawowar wannan ciwo yana faruwa ne cikin shekara uku na farko, kuma idan aka gano shi yana ƙarami a hanta ko a huhu, wani lokaci akan sake yin aiki a cire shi. Ana auna jini domin duba CEA, wani sinadari da kan ƙaru a jini idan ciwon ya dawo, wanda a takardun da aka rubuta da Faransanci za ki ga an sa ACE, duk wata uku zuwa shida, ana ɗaukar hoton ciki da ƙirji da sikana, ana kuma leƙa hanjin da na'ura mai kyamara shekara guda bayan aiki, sannan a ci gaba da sa ido har shekara biyar. Ko da an ce ku tafi Yamai, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, kada nisa ya sa ku fasa. Jini a bayan gida, ko ciwon ciki da ya ƙi tafiya, ko idanu su yi rawaya, ba su jiran ranar da aka rubuta muku.

Abin da gwaji ya nuna yana da amfani ba a sayar da shi a kanti. A 2025 an fitar da sakamakon gwajin da masana na Kanada suka jagoranta a kan mutum 889 da suka gama magani kamar maigida. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin motsa jiki na shekara uku, galibinsu tafiyar ƙafa da sauri ta kamar minti 45 zuwa awa ɗaya sau uku ko huɗu a mako, kimanin 80 cikin ɗari sun kai shekara biyar ba tare da ciwo ba, sauran kuwa kimanin 74. Tunda ya fara fita kasuwa, ku nemi izinin likita ya riƙa ajiye babur da sassafe yana takawa.

TAMBAYA: Malam, an yi wa yayana irin wannan aiki. Na ji an ce hanta ta fi komai bitamin A, shi ne nake sayo masa gasasshiya kullum da dare. Na yi daidai?

Daga wani mai karatu, Tibiri.

AMSA: Allah ya bar zumunci, ɗan'uwa. Gaskiya ne hanta ta fi kowane abinci wannan bitamin, kuma wannan ne dalilin da ya sa kullum ya yi yawa, domin ɗan tsire guda na hanta zai iya wuce iyakar da na ambata a sama. Sau ɗaya a mako ya wadatar. Ka kuma sani cewa a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi domin ya daɗe cikin abubuwan da ke jawo dajin hanji, ta kuma ce akwai yiwuwar yawan cin jan nama ma yana yin haka. Sauran darare ka riƙa kai masa kifi, ko kaza, ko dafaffen wake da zogale.